Batir biyu, firji ba sanyi: nazarin wayarin wata motar fura a Kumasi

Motar doguwa ce ta kaya mai shan dizal, ƙirar Turai, cikin na hannu da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Mai ita wata Hajiya ce a Aboabo da ke sana'ar fura da nono da burkina (abin sha na gero da nono), ɗan yayarta ne direba. Da safe sukan sauke kaya a shagunan Asawase da Alabar, daga nan a faka motar kusa da kasuwar Kejetia ko a wajen biki ko suna, a yi ta sayarwa daga cikinta har bayan isha'i. Idan aka haɗa duk tafiyar yini, injin bai fi aikin minti 50 ba, mafi yawansa ma a cunkoso. Sau ɗaya a mako ne suke yin doguwar tafiya zuwa Techiman, kusan kilomita 120, don sayo gero.

Kayan da ke shan wuta a bayan motar: firji mai kwamfireso na lita 60 mai aiki da 12V, bilenda ta 500W da ake dama fura da ita ta hanyar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), fitilun LED biyu masu 10W kowace, ƙaramar fanka ta 12V, da cajin wayoyi huɗu, har da wadda ake karɓar kuɗin MoMo da ita. Saboda su aka ɗora batir na biyu a baya.

Koken da aka zo mana da shi Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, kashi uku ne. Firji na mutuwa tun kafin la'asar, nono ya yi tsami, robobin burkina su kumbura. Inbata na kuka da zarar an kunna bilenda. Na uku, wanda ya fi ɓata wa Hajiya rai, wata safiya motar ta ƙi tashi sam, sai da samarin unguwa suka yi turi. Kafin nan an sauya batirin baya sau biyu, shi ya sa ta zo da hukuncinta a hannu: "Masta, baturan nan duk jabu ne, a nemo mini babba kawai." Amsar da aka ba ta ita ce, "Hajiya, a yi haƙuri a bar mana motar mu auna tukuna. In babba ne maganin, ba za mu hana a saya ba."

Abin da aka tarar

Batirin baya na tayar da mota ne, mai filet (farantan dalma na cikinsa) 17, 70Ah a rubuce (Ah amfa sau awa ne, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), yana zaune a ƙasa ba akwati ba ɗauri. Waya ɗaya mai tsawon mita 6 ta taso daga jan kan (+) batirin gaba, ta bi ta rile mai jin ƙarfin wuta (makunnin da ke haɗa batura biyun ko ya raba su da kansa), ta ratsa ƙarƙashin mota ta shigo ta wata huda da aka yi a dandamali. Babu fiyus a farkonta, babu a ƙarshenta, babu roba a bakin hudar, kuma ƙarfen ya riga ya fara cin bawon wayar. Baƙin kan batirin an ɗaure shi ne a notin kujera, a kan fenti. Rilen kuwa yana nan a maƙale, amma wani ya ɗaura guntuwar waya ta tsallake shi, watau batura biyun sun zama a haɗe dare da rana.

Wannan tsallaken shi ne gyaran gangar Auzinawa. Wanda ya yi shi ya ga batirin baya ba ya samun caji, sai ya cire shingen da ke tsakaninsu. Caji bai ƙaru da wani abin kirki ba, amma firji ya samu hanyar zuƙe batirin gaba shi ma. Dalilin turin safiyar ke nan. Hatsarin da ya fi wannan shi ne rashin fiyus. Batirin mota na iya tura ɗaruruwan amfa cikin waya idan ta taɓa bodi, kuma wannan wayar tana da batir a kowane ƙarshe, don haka ko an cire kan ɗaya, ɗayan zai ci gaba da hura ta har ta yi ja.

An fara da lissafin abin da ke fita, abin da ba a taɓa yi wa motar ba. Mita mai baki kamar filaya ta nuna firjin na jan 4.5A idan kwamfireso na aiki. Ba kullum yake aiki ba, amma a mota mai rufin ƙarfe da ke tsaye a rana, ana buɗe murfi kowane minti kaɗan, yakan yi aiki kusan kashi 60 cikin ɗari na awa 12 na yini, da dare kuma kusan kashi 30. Yini 32Ah, dare 16Ah. Bilenda ita ce mai ba mutane mamaki. Ana raba 500W da 12V, a ƙara asarar inbata ta kusan kashi 15, sai a samu amfa 49 daga batir. Damu 40 na daƙiƙa 30 sun zama minti 20, watau 16Ah. Inbatar kanta, da ake bari a kunne daga safe zuwa dare ba ta komai, tana shan 0.8A, awa 10 ta cinye 8Ah a banza. Fitilu awa 4 sun ci 7Ah, fanka awa 6 ta ci 9Ah, wayoyi kusan 6Ah. Jimla ta doshi 95Ah a kowace rana.

Batirin dalma ba a so a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko. Mai 70Ah, ko sabo ne fil, 35Ah ne rabonka a cikinsa. Wanda ke motar ma bai kai nan ba. Bayan an cika shi da caja a shago, an ɗora masa nauyin 3.5A, wanda ya kamata ya ɗauka awa 20 kafin ya sauka zuwa 10.5V. Bai kai awa shida ba, ke nan abin da ya rage masa kusan 20Ah ne. Ba jabu ba ne, aikin da ba nasa ba aka sa shi. Batirin tayar da mota filet ɗinsa sirara ne masu yawa, an yi su don su ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙu kaɗan sannan a mayar musu nan take. Idan ana zuƙe shi ƙasa kullum, sinadarin jikin filet na zubewa, in kuma ya kwana ba a cika shi ba, wani farin gishiri na daskarewa a kansu ya ƙi narkewa. Ga zafi kuma: abin da masu batir suka sani shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 na rage wa batirin dalma kusan rabin rayuwarsa.

Inda matsalar take da gaske

Sai aka koma ga abin da ke shiga, kuma nan ne zancen "babban batir" ya rushe. An cire wayar tsallake, aka maƙala mita a batirin gaba, aka fita da motar kan titin Offinso. Bayan tashi, mita ta nuna 14.4V. Cikin 'yan mintuna ta sauko 12.5V ta zauna. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, sai ta haura kusan 15V, ya sake takawa ta sauko. Direban ya ce, "Masta, ashe altanetar ce ta lalace." Altanetar, wadda ke cajin batir idan inji na aiki, lafiyarta ƙalau. Yawancin motocin Turai na ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, da wasu na Euro 5, kwamfutar mota ce ke juya altaneta. Tana rage caji idan ana tafiya don a rage shan mai, ta ƙara shi idan ana rage gudu. Alamarta ita ce wata 'yar na'ura mai siririyar waya a jikin baƙin kan batirin gaba. Tsofaffin motoci irin Hiace da suka cika tashoshin tirotiro (motocin haya) ba su da wannan, altanetarsu na riƙe 13.8V zuwa 14.4V muddin inji na aiki.

Rile mai jin ƙarfin wuta an yi shi ne don irin waɗancan tsofaffin. Yana haɗa batura idan ya ga kusan 13.3V, ya raba su idan wuta ta sauko kusan 12.8V. A wannan motar, da altaneta ta sauko 12.5V sai ya ɗauka an kashe inji, ya buɗe. Kafin a ɗaura wayar tsallake, kusan rabin tafiyar batirin baya a yanke yake.

Ko a lokacin da rilen ke rufe, wutar ba ta isa yadda ya kamata. An kankare bakin wayar mai mita 6 da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin ja. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Irinta ta cika kasuwa, ta fi araha, ta fi sauƙi a hannu, kuma tana tare wuta fiye da jan ƙarfe na gaske da fiye da rabi. An rubuta 6mm² a jikinta, amma aikinta bai wuce na 4mm² ba. Aka haɗa da notin kujera mai fenti, sai ya zama idan 10A na wucewa, kusan 0.7V na ɓacewa a hanya. Altaneta na ba da 14.2V, batirin baya na ganin 13.5V. Batirin dalma na bukatar kusan 14.4V na awanni kafin ya cika, a 13.5V kuwa sai dai ya yi ta lasa. Mita ta nuna 15A a mintunan farko, ta yi ta raguwa. Duk tafiyar yini ba ta mayar da 8Ah ba. Ana ɗiba daga randa da bokiti ana mayarwa da ludayi, ko an sayo randa mafi girma, kwanakin ƙarewarta kawai aka ƙara.

Direban ya daɗe da lura da hakan, shi ya sa yakan bar inji na aiki awanni a inda suka faka. Dizal na ƙonewa, kuma irin waɗannan injunan suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan ana yawan barin su suna aiki a tsaye. Hayaƙin kuma yana komawa kan masu sayen fura.

Mutuwar firji tana da nata dalilin daban. An jona shi ne da wayar ƙari mai bakin soket ɗin sigari, mita 4, kaurinta 0.75mm². Lissafin asara a waya ba shi da wuya: tsawon zuwa da dawowa, sau amfa, sau 0.0175, a raba da kaurin waya. A nan 8 sau 4.5 sau 0.0175, a raba da 0.75, ya ba da 0.84V. Bakin soket ɗin, wanda sifirin ɗinsa ya saki har robar ta fara narkewa, ya ci wani 0.3V. Batir na nuna 12.1V, firji na ganin 11V. Firjin mota na da matakan kare batir guda uku, a irin wannan 10.1V da 11.4V da 11.8V, kuma an bar shi a na tsakiya. Sai ya kashe kansa. Da ya mutu, wuta ta daina gudu, asarar waya ta ɓace, ya ga 12.2V ya sake tashi, ya sake mutuwa. Fitilarsa na ci, mai kallo ya ɗauka yana aiki, alhali cikinsa ya haura digiri 5 da ake so kayan madara su zauna ƙasa da shi.

Inbatar an maƙala ta ne da 'yan maƙalai irin na jan wuta daga mota zuwa mota, waɗanda haƙoransu kaɗai ke taɓa kan batir. Amfa 49 ta wannan ɗan wurin ga batir mai rauni, dole wuta ta faɗi ƙasa da 10.5V ta yi kuka. An kuma duba ƙananan rubutun bayanta: 1000W ɗin da aka buga da manyan haruffa na ɗan lokaci ne, abin da take iya ɗauka a ci gaba 500W ne, daidai bakin bilendar, ba sarari ko kaɗan na fizgar farko da injin bilenda ke yi.

Yadda aka sake tsarin

Kafin a sayi komai an rage nauyi, domin amfar da ba a sha ba ta fi kowace araha. Firjin na da wayar 230V da ba a taɓa amfani da ita ba. Motar ba ta shiga lungun gidan Hajiya, amma an daidaita da wani mai shago a bakin titi, a riƙa jona ta da dare ana biyansa. Wannan ya sauke 16Ah daga batir. Inbata ta koma sai za a dama fura a kunna ta, 8Ah ya dawo 1Ah. Cajin wayoyin hannu ya bar inbata ya koma kan soket ɗin USB da ke shan 12V kai tsaye, domin ɗaga wuta zuwa 230V don a sake sauke ta zuwa 5V asara ce sau biyu. An matsar da firji daga jikin bango da tazarar santimita 15 don fankarsa ta samu iska, an rufe gilasan gefe da takarda mai ƙyalli, aka kuma ce kada a ƙara zuba kaya masu ɗumi a ciki, sai waɗanda suka kwana a firizar gida. Da wannan aikin firji na yini ya sauko kusan rabin lokaci, 27Ah. Sabon jimla 66Ah.

Batir iri biyu aka auna. AGM, wani irin batirin dalma rufaffe, na 150Ah zai ba da 75Ah, nauyinsa ya haura kilo 40. Lithiyam irin LiFePO4 na 100Ah zai ba da 80 zuwa 90Ah, nauyinsa kusan kilo 12. Kuɗin lithiyam ya fi yawa a ranar saye, amma ba nauyi ko kuɗi ne suka yanke hukunci ba. Wannan mota ce da batirinta zai riƙa yini a rabi-rabi, wani lokaci ya kwana haka. Zaman rabi shi ke kashe dalma, ko AGM ne, lithiyam kuwa bai damu da shi ba, kuma yana karɓar caji da ƙarfi har ya kusa cika. Ga motar da ke Kumasi zuwa Tamale kullum, AGM zai wadatar. Ga ta Hajiya, a'a. An tabbatar allon kariyar da ke cikinsa, BMS, na ɗaukar 100A a ci gaba, sannan aka gwada shi kafin a ɗaura: nauyin 10A, ya yi kusan awa goma. Wannan gwajin ya kamata a yi wa duk lithiyam da aka saya a kasuwa, domin akwai masu sabon akwati da tsofaffin ƙwayoyi a ciki. An ajiye shi a akwati ƙarƙashin benci, an ɗaure da bel biyu a jikin bodi, nesa da inji da kuma tukunyar gas.

Rilen ya fita, caja ta DC-DC mai 30A ta shiga. Aikinta ta karɓi duk abin da altaneta ta bayar, 12.5V ne ko 15V, ta mayar da shi 14.4V da lithiyam ke so, ta kuma tsayar da amfa a 30 don kada batir ya ja fiye da ƙarfin altaneta. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin lithiyam da aka haɗa kai tsaye yana iya jan wutar da za ta ƙona altaneta a cunkoso, inda iska ba ta sanyaya ta. Ga wurare huɗu da ake yawan kuskure wajen ɗaura ta, kuma duka an kula da su a nan.

Wurin zama: kusa da batirin baya, ba na gaba ba, don wutar da ta gyara kada ta sake ɓacewa a doguwar waya. Kaurin waya: caja mai fitar da 30A na jan kusan 36A a shiga, har 40A idan altaneta ta sauko, don haka an ja 16mm² ta jan ƙarfe zalla, ja da baƙa duka, mita 6 kowace. Asara ta tsaya kusan 0.5V. An sa ta cikin bututun roba mai lanƙwasa, da roba a bakin kowace huda, an ɗaure duk bayan santimita 30, nesa da salansa. Fiyus: 60A a cikin santimita 20 daga jan kan batirin gaba, 40A kusa da jan kan na baya. Fiyus waya yake karewa, ba na'ura ba, shi ya sa wurinsa bakin batir. Sai baƙar waya, wadda ba a ɗaura ta a kan batirin gaba kai tsaye ba. An kai ta inda wayar batirin ke haɗuwa da bodi, bayan 'yar na'urar nan, don kwamfutar mota ta ga wutar da ke fita ta umarci altaneta ta biya. In aka tsallake na'urar, kwamfuta na lissafin batirin gaba a cike alhali ana zuƙarsa. An kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito, aka ɗaure, aka shafa giris. An kuma ja siririyar waya daga layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli zuwa bakin cajar da aka tanada don haka, ta yadda ba za ta dogara da ƙarfin wuta wajen sanin inji na aiki ba. Illar wannan ita ce in aka bar makulli a buɗe inji a kashe, za ta ci batirin gaba, kuma an gaya wa direba.

Altanetar motar babba ce, 30A bai dame ta ba. A tsohuwar mota mai ƙaramar altaneta, caja ta 20A ta fi dacewa. A ganinmu abin da caja ke ja kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a jikin altaneta.

Daga batirin baya, wuta na bi ta babban makunni zuwa akwatin fiyus mai gida shida. Firji ya samu waya tasa ta 4mm², mita 2, fiyus 15A, da filogi mai kullewa a madadin na sigari. Asara ta koma ƙasa da 0.1V. An mayar da matakin kariyarsa na ƙasa, tunda yanzu ba batirin tayar da mota yake sha ba, BMS kuma na tsaron lithiyam ɗin. Sabuwar inbata mai 1000W a ci gaba, mai tsabtatacciyar wuta irin ta gida, tana da layinta daban: 35mm², ƙasa da mita ɗaya, fiyus 125A, kawunan waya na jan ƙarfe da aka matse da injin matsa, ba guduma ba. Gaskiya bilenda ba ta cika damuwa da tsabtar wuta ba, da tsohuwar inbatar na da ƙarfi da an bar ta. Amma tunda za a saya, gara wadda ba za ta dafa caja ko wata na'ura mai allo ba in an jona gobe.

Hajiya ta tambaya ko yanzu za a iya jona butar lantarki don shayi. Butar 2000W na jan kusan amfa 196 daga batir, ninki biyu na abin da BMS ya yarda. Duk abin da aikinsa zafi ne, buta ko dutsen guga ko hita, ba na wannan tsarin ba ne.

Abu na ƙarshe da aka ɗaura shi ne mita mai ƙirga amfa a kan baƙar wayar batirin baya, wadda duk wutar shiga da fita ke bi ta cikinta. Batirin dalma ana gane cikarsa da bolt: 12.7V cike, 12.2V rabi. Lithiyam yana zaune tsakanin 13.0V da 13.3V kusan duk yini, sai dab da ƙarewa ya faɗi lokaci guda, don haka mitar bolt ba ta gaya maka komai a kansa.

Tafiyar minti 50 yanzu na mayar da 25Ah, ta Techiman na cika batir tun kafin a isa. Giɓin rana ya rage 41Ah, shi ne caja ta 20A mai tsarin lithiyam ke cikewa da dare cikin awa biyu da ɗoriya. Ita da firji ba su cinye yunit ɗaya a mitar mai shago. Wayar da ke zuwa daga shagon mai jijiya uku ce ta 1.5mm², an rataye ta sama da kwata, kuma akwai na'urar yanke wuta ta 30mA a farkonta saboda damina. An ja kunnen direban kan abu ɗaya: ranar da aka ɗauke wuta, kada ya kuskura ya jona inbatar a soket ɗin bango don ya haska shago. Wutar na bin layi ta koma waje, tana iya kashe ma'aikacin da ke kan fol, in kamfanin wuta na ECG ya dawo da wuta kuma inbatar ta ƙone.

Abin da ya biyo baya

Motar ta dawo da ƙorafi biyu. Na farko, mita na nuna caji 30A da safe, amma da rana sai ya sauko kusan 18A. An tarar an jingina buhunan gero a kan cajar. Tana fitar da zafi sosai, kuma in ta yi zafi tana rage aiki da kanta. An ɗaga ta jikin bango a kan farantin alminiyam, a tsaye, aka yi mata keji.

Na biyu ya fi tayar da hankali a wajen biki: ana cikin damu komai ya mutu lokaci guda, firji da fitilu da mita. Yarinyar da ke damu ta zuba curin fura masu sanyi da ƙanƙara a kofin bilenda kafin nono, wuƙar ta cije. Injin bilenda idan ya cije yana jan ninkin abin da aka rubuta masa, amfa ta haura 100, BMS ya yanke. Direban ya kira a firgice yana cewa, "Mma ta ce batir ya ƙone." Bai ƙone ba. An ce ya kashe inbata, ya kashe babban makunni, ya jira minti ɗaya ya kunna. Wasu BMS ba sa farkawa sai sun ga caji, irin waɗannan sai a tayar da inji. Maganin dindindin a kofin yake: nono da ruwa su fara shiga, a marmasa fura da hannu, ƙanƙara a ƙarshe.

Abin da bai warware ba shi ne daren dumsor, watau daren da aka ɗauke wuta. In an tashi da 100Ah, a dawo da 59. Ba wuta a shago, firji ya ci 16 da dare, a wayi gari da 43, ga giɓin yini na 41 na jira. Lissafin ya yi tsinin da ba a so. Dokar da aka ba su a yanzu ita ce, in mita ta nuna ƙasa da kashi 50 da safe, fanka ta huta ranar, a kuma jera robobin ruwa masu ƙanƙara a ƙasan firji don kwamfireso ya rage aiki. Cikakken magani allon sola ne na 200W a rufi, wanda a rana mai kyau zai ba da kusan 40 zuwa 45Ah, a gizagizan Yuli da Agusta na Kumasi ko ƙurar hunturu kuma ya sauko kusan rabi in ba a goge shi. Cajar da aka ɗaura tana da bakin jona sola, kuma an riga an ja waya 6mm² daga rufi zuwa gare ta an toshe bakin. Ranar da za a sayi allon, a duba ƙarfin wutarsa na buɗe da aka rubuta a bayansa, a tabbatar bai haura iyakar da ke jikin cajar ba. Manyan allunan rufin gida da suka cika kasuwa suna kaiwa 40V zuwa 50V, yawancin irin waɗannan cajojin kuwa ba su ɗaukar haka.